Ɗan Koyo a Babbar Gasar Karta: Darasi ga Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram



Gabatarwa

Batun da za a tattauna a wannan lacca batu ne wanda mai sauraro zai iya ɗauka ya yi nisa da ƙasar Hausa, watau halin da ɗan koyo yakan sami kansa a ciki idan ya shiga babbar gasar karta irin wadda Turawa ke kira foka, inda dubban mutane kan zauna ido da ido, kowa ya zuba kuɗinsa, a yi ta bugawa kwana da kwanaki har mutum ɗaya ya tattare. Ba a yin irin wannan gasa a Birnin Kudu ko Gwaram, doka ma ba ta yarda a yi ta ba. Amma labarinta ya iso ta talabijin da wayar hannu, kuma kwaɗayin da ke kai mutum teburinta shi ne dai kwaɗayin da ke kai manomi tabarmar 'yan caca ran kasuwa, ya kai ƙaramin ma'aikaci ga cacar ƙwallo ranar da albashi ya shigo.

An zaɓi wannan gasa ne don dalili guda. Cacar gida ba ta da rajista, ba wanda ke rubuta wa ya ci wa ya faɗi. Ita kuwa babbar gasa, kowace shekara ana bayyana yawan waɗanda suka shiga, da abin da aka tara, da abin da kowa ya samu. Saboda haka ta zama madubi wanda za a iya duba cacar gida a cikinsa. Abin da laccar ke nufin nunawa shi ne, nasarar ɗan koyo a irin wannan fage takan faru, amma yawan jama'a ne ke haifar da ita, kuma da kuɗin sauran 'yan koyon da ba a jin labarinsu ake biyansa.

Caca da karta a ƙasar Hausa

Caca ta girmi karta a ƙasar Hausa. Tun zamanin da wuri ke matsayin kuɗi ake yin ta da shi: a watsa wuri a ƙasa, a duba nawa suka kife nawa suka yi rigingine, a kan haka wani ya ci wani ya faɗi. Ita kalmar karta kalmar aro ce, ana samun 'yan'uwanta a harsunan Turai da Larabcin Arewacin Afirka, abin da ke nuna baƙuwa ce wadda ta zauna har ta zama 'yar gida. Bayan ta sai wasu baƙin suka biyo: wot, wanda aka ƙago a Ingila a 1935 ya kuma sami karɓuwa ƙwarai a Nijeriya, da injin kalo-kalo, wanda gwamnatin soja ta haramta da doka a 1977, da cacar sakamakon ƙwallon ƙafa, wadda a da ake cike takardunta a rumfa, yanzu kuwa ta koma cikin wayar hannu.

Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Masarautar Dutse, ƙasa ce ta noma da kiwo. Zanen shanun da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniyar ilimi a shekarun 1950, shaida ne cewa tun da daɗewa mutanen wannan yanki dukiyarsu irin wadda ake gani da ido ce, a kiwata ta, a jira ta. Har yanzu kuɗin manomi ba kullum suke zuwa ba. Sukan zo ne a dunƙule bayan kaka, sa'ad da aka kai gero da dawa da gyaɗa da riɗi kasuwa, ko aka sayar da sa a babbar kasuwa irin ta Sara. Haka shi ma ma'aikaci, nasa kuɗin a dunƙule suke zuwa ƙarshen wata. To, duk inda kuɗi ke zuwa a dunƙule ga mutumin da ya daɗe hannunsa ba kome, nan ne mai caca yake shimfiɗa tabarmarsa. Wannan ka'ida ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce, ita ce kuma ta gina birnin Las Vegas a hamadar Nevada ta Amurka, jihar da ta halatta caca a 1931.

Yadda gasar take

Kafin a shiga labarin ɗan koyo, wajibi ne a bayyana yadda wasan yake a taƙaice. Karta tana da kati 52, dangi huɗu, kowane dangi kati 13. A irin fokar da ake bugawa a babbar gasa, wadda ake dangantawa da jihar Texas, akan zaunar da mutum tara a tebur. Mai rabo zai ba kowa kati biyu a rufe, sa'an nan ya buɗe kati biyar a tsakiyar tebur daki-daki: uku da farko, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Waɗannan biyar na kowa da kowa ne. Kowane ɗan wasa zai haɗa nasa biyu da na tsakiya ya fitar da biyar mafi daraja. A kowane mataki ana zubi, kuma mutum yana da zaɓi uku: ya janye ya bar abin da ya riga ya zuba, ko ya biya daidai da abin da aka zuba, ko ya ƙara. Wanda katinsa ya fi daraja a ƙarshe shi ke kwashewa. Haka kuma idan kowa ya janye ya bar mutum ɗaya, shi ma ya kwashe, ko da katinsa ba kome ba ne, kuma ba dole ya nuna ba. Daga nan burga ta samo asali a wasan, watau mutum ya zuba da yawa don a zaci yana riƙe da abin kirki.

A gasa ba a wasa da tsabar kuɗi. Kowa yakan biya kuɗin shiga iri ɗaya, a ba shi 'ya'yan wasa, wasu 'yan faya-fayai masu kama da kwabo, daidai da na kowa. Wanda 'ya'yansa suka ƙare ya fita ke nan. Akwai kuma zubin dole wanda ke zagayawa tebur, ana ƙara shi bayan kowace awa biyu, don kada wani ya naɗe hannu ya zauna jiran kati mai kyau. Ashe ke nan haƙuri kaɗai ba ya fid da mutum, gama mai jira zubin dole zai cinye shi a zaune.

Mafi shahara a cikin waɗannan gasanni ita ce babbar gasar foka ta duniya, wadda Benny Binion ya fara a gidan cacarsa mai suna Horseshoe a Las Vegas a 1970. A wannan shekara 'yan wasan ƙalilan ne, ƙuri'a ma suka jefa a tsakaninsu suka zaɓi Johnny Moss a matsayin gwani. A 1971 mutum shida suka shiga. Daga 1972 aka tsayar da kuɗin shiga a kan dala 10,000, kuma ba a sa wani sharaɗi na gwaninta ba. Duk wanda ya kai shekara 21 yana kuma da kuɗin, kujera tasa ce. Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ita ce abin da ya bambanta gasar da sauran manyan wasanni. Ba wanda zai biya kuɗi a bar shi ya buga wasan ƙarshe na Kofin Duniya, amma a nan ɗan koyo na iya zama kafaɗa da kafaɗa da zakaran bara.

Labarin da ya cika teburan

Ɗan koyo na farko da ya ci gasar shi ne Hal Fowler a 1979, cikin mutum 54, ya tashi da dala 270,000. Robert Varkonyi ya maimaita a 2002 cikin mutum 631. Amma labarin da ya sauya kome shi ne na 2003. Wani akanta ɗan shekara 27 daga jihar Tennessee, mai suna Chris Moneymaker, sunan da ma'anarsa ita ce mai samar da kuɗi, kuma sunansa ne na gado, ya sami kujerarsa ta hanyar wata ƙaramar gasa a intanet wadda kuɗin shigarta bai kai dala 100 ba. Bai taɓa zama a babbar gasa ta ido da ido ba kafin wannan. Ko kuɗin tafiya sai da ya sayar wa mahaifinsa da wani abokinsa wani kaso na abin da zai ci. Mutum 839 suka shiga, shi ya tattare, ya karɓi dala miliyan biyu da rabi.

Abubuwa biyu daga wannan gasa sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, sa'ad da ya rage saura mutum goma, Moneymaker ya kara da Phil Ivey, ɗaya daga cikin gwanayen zamaninsa. Ivey ya tura duk 'ya'yansa yana kan gaba, saura kati ɗaya a buɗe, kuma kati bakwai ne kawai cikin 44 za su iya ceton Moneymaker, watau kimanin sau ɗaya cikin shida. Aka buɗe, sai ga as, ɗaya daga cikin bakwai ɗin. Ivey ya fita. Na biyu, da ya rage su biyu, shi da wani tsohon hannu mai suna Sammy Farha, Moneymaker ya tura duk abin da ke gabansa alhali ba ya riƙe da kome sai sarki tilo. Farha, wanda katinsa ya fi, ya daɗe yana tunani, daga bisani ya janye. Na farkon sa'a ce tsantsa, na biyun kuwa ƙarfin hali ne da karanta abokin karawa. Da ɗayansu ya kuskure, da wataƙila ba wanda ya san sunan wannan akanta.

Gidan talabijin na ESPN ya nuna gasar, da 'yan kyamarori a gefen tebur masu nuna wa mai kallo katin da kowa ya rufe. Miliyoyin mutane suka ga mai aikin ofis kamarsu ya kayar da gwanaye, kowa ya ce a ransa, in wane ya yi, me zai hana ni? Sakamakon ya bayyana a rajista: mutum 2,576 a 2004, sai 5,619 a 2005, sai 8,773 a 2006. A 2023 aka haye dubu goma, a 2024 kuwa aka sami 10,112.

Kujerar ɗan koyo

Yanzu sai a duba abin da ɗan koyo ke tararwa idan ya zauna. Abu na farko gajiya ce. Ana wasa wajen awa goma a yini, kuma wanda zai kai ƙarshe sai ya yi kusan mako biyu a haka. Yawancin wannan lokaci janyewa ake yi, gama a cikin hanyoyi 1,326 da kati biyu za su iya haɗuwa a hannun mutum, kaɗan ne suka cancanci a zuba musu kuɗi. As biyu, waɗanda suka fi kowane haɗi daraja, sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221. Ɗan koyon da ya saba da wasan hira, inda ake shiga kowane zagaye, zaman nan yakan gundure shi, sai ya shiga inda bai kamata ba.

Abu na biyu, jikinsa yana tona masa asiri. Rawar hannu wajen tura 'ya'ya, saurin kallon kati, yawan magana ko ɗaukewarta farat ɗaya, duk gwani yana lura. Ya fi haka lura da yadda mutum ke zubi: nawa yakan zuba in yana da abu, nawa in ba shi da shi. Cikin awa biyu ya gama karanta shi.

Abu na uku, kuɗin a wurinsu ba nauyinsu ɗaya ba. Gwani yana shiga gasa da yawa a shekara, sau da yawa ma da kuɗin masu ɗaukar nauyinsa, saboda haka faɗuwa ɗaya ba ta girgiza shi. Ɗan koyo kuwa wataƙila tanadin shekaru ne ya zuba. Wannan yakan fito fili sa'ad da aka kusa kai adadin waɗanda za a biya. A nan ɗan koyo yakan ƙanƙame 'ya'yansa don kada ya fita ana gab da rabo, gwani kuwa da ya san haka sai ya yi ta matsa masa da ƙari yana tsince su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ji tsoron asara, tsoron nan nasa shi ne abin da ake ci.

Abu na huɗu ya shafi kowa, gwani da ɗan koyo. A ɗauka mutum ya tura duk 'ya'yansa yana da rinjaye na kashi 80 cikin 100, kamar wanda ya riƙe as biyu a kan mai ƙananan tagwaye. Wannan rinjaye ne babba. Amma idan sai ya tsallake irin wannan karo sau goma a jere kafin ya kai ƙarshe, lissafi ya nuna damarsa ta tsallake su duka ba ta wuce kashi 11 cikin 100 ba. Watau ko wanda bai yi kuskure ko ɗaya ba, sau tara cikin goma zai tashi ya bar kujerarsa.

Ina kuɗin ke tafiya?

A gasar 2024 mutum 10,112 suka biya dala 10,000 kowannensu, jimla dala 101,120,000. Abin da aka raba wa 'yan wasa dala 94,041,600 ne. Ragowar, fiye da dala miliyan 7, watau kashi 7 cikin 100, an cire su tun kafin a raba kati ko ɗaya, la'adar masu gida da ladan ma'aikatansu. Mutum 1,517 aka biya, mafi ƙarancinsu dala 15,000, shi kuwa zakara, Jonathan Tamayo, dala miliyan 10. Saura mutum 8,595 suka koma gida hannu rabbana. A shekarar Moneymaker ma mutum 63 kawai aka biya, 776 ba su sami ko anini ba. Bugu da ƙari, baƙon da ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, kamar Nijeriya, akan cire kashi 30 cikin 100 na ribarsa kafin ta shiga hannunsa.

Don a kawo abin kusa, a watan Yuli na 2024 dala ɗaya ta kai kimanin naira 1,500, saboda haka kuɗin shiga ya kai naira miliyan 15. A wannan watan ne aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya yi kusan shekara 18 bai taɓa ko kwabo ba kafin ya tara kuɗin kujera ɗaya.

Alal misali kuma, a ce manoma ɗari a ƙasar Gwaram sun kawo buhun riɗi ɗai-ɗai sun tara wuri guda a kan wannan tsari. Mai fili zai fara jan buhu bakwai gefe. Manoma 85 za su koma gida da igiyar ɗaurin buhu. Buhu 93 da suka rage za a raba wa mutum 15, mafi yawa ga 'yan ƙalilan na sama. Ba a ƙara ko mudu ɗaya a kan abin da aka kawo ba, an dai kwashe daga hannu da yawa an zuba a hannu kaɗan. Da yamma kuwa labarin da zai zagaya gari shi ne na wanda ya ɗauki hayar mota ya kai riɗi gida. Su 85 ɗin ba mai ba da labarinsu, su ma ba sa so a bayar.

Sa'a ce ko gwaninta?

An daɗe ana muhawara a kan ko foka wasan sa'a ne ko na gwaninta. Wasu malaman Jami'ar Chicago biyu, Steven Levitt da Thomas Miles, sun bi sakamakon wasannin da aka yi a taron gasar na 2010, suka ware 'yan wasa 720 waɗanda tun kafin a fara an san su da gwaninta, suka kwatanta su da sauran. Suka tarar gwanayen sun ci ribar kimanin kashi 30 cikin 100 a kan abin da suka zuba, sauran jama'a kuwa sun yi asarar kimanin kashi 15 cikin 100. Masu kare wasan sukan kafa hujja da wannan su ce ai ga shi gwaninta tana aiki. Gaskiya ne tana aiki. Sai dai ga ɗan koyo wannan ba albishir ba ne, domin ma'anarsa ita ce kuɗi suna gangarowa daga aljihunsa zuwa aljihun gwani a kai a kai. Su kansu gwanayen suna da sunan da suke kiran kuɗin shigar ɗan koyo da shi, wai mataccen kuɗi, shi kuma su kira shi kifi.

To, in haka ne, yaya aka yi ɗan koyo ke cin gasa? Amsar tana cikin karin maganar nan, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Idan 'yan koyo dubbai suka zauna da gwanaye ɗaruruwa, ko da damar kowane gwani ta ninka ta kowane ɗan koyo sau da yawa, ba abin mamaki ba ne wani daga cikin dubban ya kai ƙarshe. Cewa wani ɗan koyo zai ci, magana ce mai ƙarfi. Cewa wane ɗan wane ne zai ci, magana ce mai rauni ƙwarai. Duk cinikin masu gidan caca ya dogara ne a kan mutum ya kasa rarrabe waɗannan maganganu biyu. Sa'ar ɗan koyo ba ta yi musu ɓarna, ita ce ma tallarsu, gama wasan da gwani ke ci kullum ba wanda zai biya kuɗi ya shiga.

Kada kuma a zaci gwaninta tana tsare mai ita. Stu Ungar ya ci wannan gasa sau uku, a 1980 da 1981 da 1997, kuma da yawa suna ganin ba a yi gwani kamarsa ba. Abin da ya ci a tebur ya tafi a wasu cacogin da shaye-shaye. A watan Nuwamba na 1998 aka tsinci gawarsa a ɗakin wani ƙaramin masauki a Las Vegas, yana da shekara 45, ba shi da wata dukiya. Wannan ita ce dara ta ci gida. Likitoci ma sun daɗe da sanin haka: ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka tun 1980.

Ma'auni daga gida

Al'adar Hausa tana da abubuwa uku waɗanda za a iya auna wannan gasa da su. Na farko adashi. A zahiri adashi da gasar karta sun yi kama: mutane da yawa su yi zubi daidai wa daida, mutum ɗaya ya kwashe. Amma a adashi kwasa tana zagayawa har ta kai kan kowa, wanda ya zuba goma zai karɓi goma, abin da uwar adashi ke ɗauka kuma sananne ne. A gasa kwasa ba ta zagayawa. Adashi ne wanda mutum 85 cikin ɗari ranar kwasarsu ba za ta zo ba har abada.

Na biyu dambe da kokawa. A nan ma akwai ɗan koyo da gwani, akwai kuma kuɗi. Amma a al'ada ba a tura sabon yaro ya kara da wanda ya gagara; yakan fara da sa'o'insa, ya hau daki-daki a ƙarƙashin idon manya. Kuma kyautar da gwani ke samu daga 'yan kallo da masu gari take fitowa, ba daga aljihun wanda aka kayar ba. Wanda ya faɗi yakan tashi ya kakkaɓe ƙura, gonarsa tana nan.

Na uku dara. Gurbi 30 ne, kowa da 'ya'ya 12, kuma ba abin da ke ɓoye. Duk abin da abokin karawa ya gani kai ma ka gani. Saboda haka ɗan koyo ba ya cin gwani a dara sai ya koya, kuma faɗuwarsa tana nuna masa inda ya kuskure. A karta kuwa mutum na iya yin wauta ya ci, ya yi daidai ya faɗi. Wannan ne ya sa ta zama muguwar malama: cin farko yakan koya wa ɗan koyo cewa ya iya, alhali kati ne ya zo. 'Yan wala-wala masu kati uku a gefen kasuwa sun san wannan sarai, shi ya sa sukan sa nasu mutum ya ci a gaban jama'a, ko su bar baƙo ya ɗanɗana kaɗan da farko. Abin da labarin Moneymaker ya yi wa duniya, shi ɗan kore yake yi wa mai kallo a bakin tasha.

Shari'a da doka

Alƙur'ani mai girma ya yi maganar caca da sunan maisir, a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, inda aka haɗa ta da giya, aka yi umarni a nisance ta, aka kuma bayyana cewa tana haddasa gaba da ƙiyayya tana shagaltarwa daga salla. Abin lura shi ne siffar maisir ɗin Larabawan jahiliyya: a yanka raƙumi, a kaɗa kibau goma, bakwai masu rabo, uku marasa rabo, waɗanda marasa rabon suka faɗo musu su ne za su biya kuɗin raƙumin. A can mutum uku cikin goma ke tashi a tutar babu. A gasar zamani fiye da takwas ne cikin goma. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai ko'ina a ƙasar Hausa, ta halatta tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, amma ta sa sharuɗɗa a kan kyautar. Ashe tambayar malaman fiƙihu ita ce dai tambayar da lissafi ya kai ga yi: daga aljihun wa kyautar ta fito?

Ta fuskar dokar ƙasa, Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta hukunta buɗe gidan caca. Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991, ta ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a 2000. A watan Nuwamba na 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, ikon tsara wannan al'amari na majalisun jihohi ne. Wannan ya ɗora nauyin a wuyan jiha. Amma doka tana iya naɗe tabarma ta rufe rumfa, ba ta iya shiga aljihun saurayi ta kashe wayarsa. A nan ne aikin malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma yake, domin lissafin da aka kawo a sama bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba, kuma ya kamata a koya masa shi kafin wani ya koya masa da kuɗinsa.

Kammalawa

An ga yadda babbar gasar karta take, da yadda labarin mutum ɗaya ya ninka yawan masu shigarta fiye da sau goma cikin shekara uku. An ga cewa gwaninta tana aiki, amma a kan ɗan koyo take aiki. Sa'a ma tana aiki, amma tana zaɓen ɗaya ne ta bar dubbai. Mai gida kuwa ya riga ya ɗauki nasa tun ba a fara ba. Ɗan koyon Las Vegas aƙalla ya san abin da zai rasa tun daga bakin ƙofa, ana kuma raba masa kati a gaban alƙalan wasa. Takwaransa na gefen kasuwa ko na cikin waya ba shi da ko wannan, gama shi ba a tashinsa sai abin hannunsa ya ƙare, wani lokaci ma har da na aro.

Saboda haka duk ɗalibi ko ma'aikacin da aka kawo wa labarin wane ya ci, a karta ne ko a ƙwallo, yana da tambaya uku da zai yi kafin ya taɓa aljihunsa: mutum nawa suka zuba, mutum nawa suka karɓa, nawa mai gida ya cire? Idan aka ba shi amsa, lissafin ya ishe shi. Idan aka ƙi ba shi, ƙin ma amsa ce. Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, sai dai a wannan fage wanen da ya kamata a duba yana cikin 8,595 ɗin nan da ba a ɗauki hotonsu ba.